Ranar da Sannu-Sannu Ta Sha Man Gyaɗar Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai garar ƙanwata Hafsatu Riruwai ba, kuma ko da na so in manta, 'yan gidanmu ba za su bari ba. Har yau idan aka ɗora kasko a tsakar gida mai ya fara ƙamshi, sai wani ya leƙo ya ce, "A'a, Malam ne ya tayar da mota?" Gwamma in ba da labarin da bakina, tunda masu ba da shi a bayan idona sun fara ƙara masa gishiri.

Bari in fara da motar, don ita ce tushen komai. Ta Babanmu ce, Allah ya jiƙansa. 'Yar ƙaramar mota shuɗiya mai giyar hannu, ya saye ta tun kafin in shiga firamare, lokacin yana malamin gona yana zaga ƙauyukan Bebeji da Kiru har su Ɗansoshiya. Mutanen gari ne suka sa mata Sannu-Sannu, don ba a taɓa ganin ta wuce wani abu a hanya ba sai amalanken shanu, shi ma in shanun sun gaji. Allurar da ke nuna mai ta mutu tun ina yaro. Hannun ɗaga gilashi ɗaya ne ya rage mata, shi ake miƙawa daga kujera zuwa kujera, wanda ya gama ya ba na kusa da shi. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa daga ciki sai ka zura hannu waje. Duk da haka, in ka tambaye ni a lokacin, ko gwamna ban ga yana da mota kamar tamu ba.

A cikinta muka tashi. Duk washegarin sallah Baba zai loda mu, ni da Yaya Sani da Hafsatu da duk ɗan maƙwabtan da ya samu wurin ɗosana ɗuwawu, mu tafi bakin ruwan Bagauda. Ya saya mana soyayyen kifi, mu zauna muna kallon masunta suna janyo koma, mu dawo hannuwa duk maiƙo muna shafawa a kujera, Inna tana faɗa. In kuma tafiyar mai nisa ce, kamar zuwa gidan kakanninmu a Tudun Wada, akwai wata tsamiya bayan an wuce Kwanar Ɗangora da Baba ba ya wuce ta. Zai tsaya ya ce, "Kowa ya sauka. Ku je ku tsinto mana tsamiya, kada wanda ya dawo sai na danna ham." Mu watse cikin gona da gudu. Inna kaɗai take zama a mota, wai ƙafarta ba ta son ƙaya.

Abin alfaharin Baba da motar nan ɗaya ne, shi ne mai. Duk wanda ya rage wa hanya sai ya ji wannan karatun. Zai bubbuga sitiyari ya ce, "Wannan da kake gani ba shan mai take yi ba, shinshinawa take yi. Abin da na zuba a Bebeji shi zai kai mu ya dawo da mu." Ni kuwa na haddace maganar nan kamar karatun allo, ban taɓa tunanin akwai ranar da zan bincika ta ba.

Da Baba ya rasu aka raba komai aka bar motar, babu wanda zuciyarsa ta yarda a yi mata kuɗi. Ta zauna a hannuna saboda ni ne mai jeka-ka-dawo: ina koyar da lissafi a wata sakandare a Kiru. (Ku riƙe wannan, malamin lissafi ne ni. Kuma ni ne malamin da ɗalibai suka fi tsoro ranar jarrabawa, don ko a cikin safa ka ɓoye takarda sai na zaƙulo ta. Za ku ga amfanin wannan bayani a gaba.)

Ana nan sai kuɗin mai ya yi tashin da kowa ya sani. A daidai lokacin Yaya Sani, wanda ke sana'ar hatsi, ya sayi sabuwar ƙaramar mota fara, girmanta ɗaya da tawa, amma ba ta da giyar hannu, ga sanyi a ciki kamar randa, ga wani ɗan allo a gaban direba da ke faɗa masa abin da take sha a kowace tafiya. Tun daga ranar zaman ƙofar gida bayan la'asar ya koma majalisar shan mai. Shi ya ce tasa na'ura ce ke auna mata mai ɗigo-ɗigo, tawa kuwa kafireta ce da ke kwarara shi kamar mai ban ruwan albasa. Ni in ce tawa ba ta da na'urar sanyi, ba ta da kayan ƙyale-ƙyale, jikinta ba nauyi, da me za ta sha mai? Ya ce in zo in ga allo. In ce allon ai masu motar ne suka rubuta shi, wa zai faɗi aibin kayansa? Dattawan layin suka rabu biyu. Waɗanda Baba ya taɓa rage wa hanya suna bayana, matasa suna bayan Yaya.

Wata rana Yaya ya same ni ina tura Sannu-Sannu da safe, ni kaɗai, jallabiyata ta jiƙe da gumi. Bai yi dariya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya kama ya taya ni, da ta tashi ya ce mu shiga wajen Inna.

"Inna, yaron nan wahala yake sha," in ji shi. (Shekaruna sun haura talatin da biyar, ina da 'ya'ya uku, amma a bakin Yaya har gobe yaron nan ne.) "Motar nan ta gama aikinta. Babu mai sayenta ya hau, amma 'yan gwangwan sun ce suna so. A ba su, a haɗa masa babur ya huta."

'Yan gwangwan! Na san abin da suke yi wa mota. Na taɓa ganin sun yanka wata a bakin kasuwa, sun ɗora ƙofofinta a sikeli. Sai na hango ƙofar hagun nan tamu a kan sikeli. Abin da ya kamata in faɗa a wurin ɗan gajere ne: Yaya, motar Baba ce, ba na so a yanka ta. Shi ke nan. Amma ina namiji, ina malamin makaranta, sai na ga faɗin haka kamar rauni ne. Maimakon haka na miƙe zaune na ce, "Wace wahala? Motar da ta fi taka rashin shan mai?"

Yaya ya dube ni. "Har yanzu kana kan maganar nan?"

"Ina kai."

"To ga hanya. Asabar za a kai garar Hafsatu Riruwai. Mu cika tanki a gidan mai ɗaya, famfo ɗaya, mu je mu dawo, mu sake cikawa. Wadda ta fi karɓa ita ta fi sha. In taka ta ci, ban ƙara maganar sayarwa ba har abada. In tawa ta ci, ka ba ni makulli."

Na ce na yarda. Inna tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ku dai ku kai kayan mutane lafiya."

Yanzu ga gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Na san zan faɗi. Ni nake zuba mata mai duk mako, ni na san yadda take yi da shi. Shekara da shekaru ina ɗora laifin a kan masu gidan mai, a kan bakanike, a kan ramukan hanya, har a kan ƙafata, don in a hannun Baba shinshinawa take yi, to ni ne ban iya taka totur ba. Motar kaɗai ce ban taɓa zargi ba. Na kwana biyu ina juya abin, daga ƙarshe shaiɗan ya kawo mini shawara, ni kuma na karɓe ta hannu biyu. Na samo 'yar jarka mai ruwan ɗorawa, irin wadda ke kowane gida, na cika ta da fetur, na sa leda a bakin na murɗe murfin tam don kada ta yi wari, na naɗe ta a tsohon buhu na tura can ƙuryar but. Dabarar ita ce in faki ido a hanya in juye, tanki ya ɗago, da mun dawo Sannu-Sannu ta karɓi kaɗan. Ni da nake kama masu satar amsa, ga ni na shirya tawa tun kafin ranar jarrabawa.

Abin da ban sa a lissafina ba shi ne Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, wadda ita ce shugabar masu kai gara. Gwaggo ba ta yarda da man kanti ba. Gyaɗar gonarta ta ɓare, ta soya, ta kai niƙa, ta matse da hannunta, ta cika 'yar jarka domin 'yar ɗan'uwanta. Jarkar mai ruwan ɗorawa ce. Ta sa leda a bakin ta murɗe tam don kada ya zuba. Ta naɗe ta a tsohon buhu. Kowa a ƙasarmu haka yake yi, ni ne kawai na ɗauka ni na ƙirƙiro.

Ranar Asabar da safe na shiga wanka, na bar makulli a jikin but. Kafin in fito mata sun gama lodi: shinkafa, taliya, manja, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, bokitan dubulan da alkaki da nakiya. Sun fito da duk abin da ke cikin motocin biyu sun sake shiryawa yadda suke so. Na leƙa, na hango buhu a ƙurya da siffar jarka a ciki, na sauke ajiyar zuciya. Ko taɓawa ban yi ba, don kada a lura.

Muka cika tanki a gaban shaidu, har da dattawa biyu da suka biyo mu gidan mai a ƙafa don su gani da idonsu. Muka ɗau hanya. Yaya a gaba da matarsa da wasu mata biyu, ni a baya da Gwaggo a kujerar gaba da ƙawayenta uku a baya, kowace da bokiti a cinya. Na yi duk dabarun Baba da na sani. In gangara ta zo in cire giya in sake ta. In na hango tudu in ɗauko gudu tun daga nesa. Na hana a buɗe gilashi sosai, wai iska na riƙe mota, har sai da Gwaggo ta ce, "Kai, miƙo hannun gilashin nan, ba mu zo a dafa mu ba." Da muka wuce tsamiyar nan ta bayan Kwanar Ɗangora na rage gudu ban san na rage ba. Tana nan, ta ƙara girma. Gwaggo ta dube ta, ta dube ni.

Muka wuce Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore kowa yana addu'a a zuciyarsa, muka isa Doguwa daidai kiran azahar. Yaya ya tsaya a bakin wani masallaci. Ni kuma na zagaya da mota ta baya, ƙarƙashin wata darbejiya, na ce inuwa nake nema mata. Mata suka shiga wani gida yin sallah. Yaya ya ce, "Taho mana, za a tayar." Na ce ya yi gaba, zan duba ruwan lagireto. (Wato jam'i na bari ya wuce ni don in yi maguɗi. Allah ya yafe mini, na kuwa karɓi sakamako tun a ranar.)

Ana yin kabbara na buɗe but, na janyo jarka, na ɗauko mazurarin da na yanka daga gorar ruwa. Ina waige-waige kamar ɓarawon kaza, na kafa na fara juyewa. A nan ne ya kamata in gane. Fetur gudu yake yi, wannan kuwa tafiya yake a hankali, yana wani nauyi a cikin mazurari. Na lura fa, ba wai ban lura ba. Kun san abin da na ce a raina? Na ce, "Kai, wannan man mai kyau ne, ba a surka shi ba." Hancina kuwa mura ta toshe shi tun kwana uku, ga idona yana kan kwanar masallaci ba ya kan abin da nake zubawa. Na juye shi tas, har ina girgiza jarkar don kada ɗigo ya yi saura. Na mayar da ita cikin buhu, na cusa mazurarin a gefe, na je na yi sallata ni kaɗai ina jin kaina wani gwanin dabara.

Mun ɗan yi tafiya lafiya. Da muka fara hawan tuddan da ke kaiwa Riruwai sai Sannu-Sannu ta yi tari. Ta sake yi. Na taka totur, ta yi kamar za ta amsa, ta fasa. Na duba madubi, sai na ga hayaƙi fari yana bin mu, ya rufe hanya har ba na ganin masu babur ɗin da ke baya.

Gwaggo ta ɗaga hanci. "Wa ke suya a dajin nan?"

Ɗaya daga cikin na baya ta ce, "Wallahi ni ma na ji. Kamar ƙosai."

"Ƙauye ne a kusa," in ji ni, ina gumi.

"Ƙauyen yana bin mu ke nan," in ji Gwaggo, "don tun ɗazu ƙamshin bai ragu ba."

Haka muka shiga Riruwai, mota tana tsalle tana tari, hayaƙi ya lulluɓe mu, mutane suna fitowa daga shaguna suna kallo. Daidai kan layin gidan su ango ta yi wata 'yar ƙara ta mutu. Dangin ango, manyan mutane da manyan riguna da suka fito tarbarmu, su suka naɗe hannun riga suka tura mu har ƙofar gida. Yaya yana tsaye jikin farar motarsa, ko ƙura ba ta yi ba, ya harɗe hannu. Na ce masa fulogi ne. Ya ce, "To."

Na ɗauka kunyar ranar ta ƙare a nan. Ashe ko farawa ba ta yi ba.

Aka aika a kira bakanike, aka shiga da kaya. Ni ina waje na buɗe gaban mota ina taɓe-taɓen abin da ban sani ba, ina jiyo guɗa daga cikin gida. Ina jin muryar Gwaggo tana gabatar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji ta ɗaga murya: "Wannan kuwa ba na kanti ba ne. Gyaɗar gonata ce, da hannuna na matse. Hajiya, buɗe ki shinshina ki ji." Aka buɗe jarkar. Sai ihu. "Fetur ne! A kashe wuta! A janye tukunya!" Mata suka yo waje a guje, wata da ludayi a hannu, wata ta bar takalmi ɗaya. Uwar ango ta fito tana tari tana fifita fuska da mayafi. A bayanta Gwaggo, riƙe da jarkata nesa da jikinta, fuskarta kamar an yi mata mutuwa.

Jarkata ce, ba shakka. Wajen lodi mata sun ɗauke ta a matsayin kayan gara sun sa a motar Yaya, ta Gwaggo kuma ta faɗo ƙuryar but ɗina. Matar Yaya ta ce ita tun a hanya take jin wari, Yaya ya ce mata na gidan mai ne ya bi su.

"Ina man gyaɗata?" in ji Gwaggo. Ba ni take tambaya ba, duniya take tambaya.

Daidai nan bakanike ya iso, wani dattijo mai furfura a gemu. Ya yi sallama, ya cire tiyon da ke kai mai kafireta, ya tara tafin hannu. Ya murza da yatsa. Ya shinshina. Sai ya ɗan taɓa a harshe, ya tofar, ya dube ni da tausayi.

"Malam, wa ya zuba maka mai?"

Na ce gidan mai.

"To gidan man nan sun iya suya," in ji shi. "Wannan rabinsa man gyaɗa ne. Kuma mai kyau, ba gauraye."

"Dole ya yi kyau," in ji Gwaggo, "ni na matse shi."

Yaya ya sauke hannuwansa. Ya taka a hankali ya buɗe but ɗina, ya janyo buhu, ya zare jarkar da babu komai a ciki, ya ɗago mazurarin yana ɗigar da mai rawaya. Ya ɗaga su sama yadda kowa zai gani, daidai yadda nake ɗaga takardar satar amsa a gaban aji. Layin ya cika: dangin ango, maƙwabta, masu haƙar ma'adinai da suka dawo cin abinci, har Hafsatu ta leƙo ta taga da lulluɓinta. Wani tsoho ya fara dariya, sai layin gaba ɗaya ya ɗauka. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki in yi bayani, abin da ya fito shi ne, "Mura nake yi."

Bakanike ya kwance tanki ya zubar da komai, ya wanke kafireta, ya goge fulogai. Fetur ɗin jarkata, wanda na saya don maguɗi, shi aka zuba ta tashi. Uwar ango, Allah ya saka mata, ta ce ba komai, ai an ga niyya, kuma ba a taɓa kawo musu garar da za a daɗe ana labarinta kamar wannan ba. Gwaggo kuwa ta ƙi shiga motata a dawowa. Ta shige ta Yaya ta zauna a gaba, ta sa aka ƙure mata sanyi.

Washegari da hantsi na ɗauki makulli na shiga wajen Inna. Yaya yana zaune a kan tabarma, ya riga ya ba ta labari. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye makullin a gaban Yaya. Na ce, "Na faɗi, kuma na yi ha'inci. Ga shi." Sai a lokacin, da komai ya riga ya lalace, bakina ya iya faɗin abin da ya kamata tun farko. Na ce, "Ni dai ba na so a yanka ta ne, Yaya. Motar Baba ce." Na sunkuyar da kai.

Sai na ji wani sauti daga wajen Inna. Na ɗauka kuka take yi. Na ɗago, ashe dariya ce, ta rufe baki da gefen zane kafaɗunta suna girgiza, hawaye na zuba.

"A ina ka tsaya ka zuba?" in ji ta.

Na ce a Doguwa, bayan masallaci.

"Ubanku a gindin tsamiya yake zuba nasa."

Ni da Yaya muka dubi juna.

"Kuna tsammanin tsamiya muka rasa a gidan nan da za a tura ku tsinto ta?" in ji ta. "Galan yake ɓoyewa a ƙarƙashin tayar safaya. Kuna ɓacewa cikin gona zai fito da shi, ni ke riƙe masa mazurari. Shekara ashirin ina riƙewa. Motar nan tun tana da ƙuruciya mashayiya ce. Son ta yake yi, shi kuma ba ya iya cewa yana son abu sai ya nemo masa hujja." Ta share ido ta dube ni. "Kai ka biyo shi. Sai dai shi yana shinshina galan kafin ya zuba."

Ban san lokacin da na fara dariya ba, ban kuma san lokacin da ta koma kuka ba. Duk tsamiyar da muka tsinta, duk gudun da muka yi cikin gona muna jiran ham, ashe Baba yana can yana waige-waige kamar yadda na yi. Maimakon in ji ya ragu a idona, sai na ji ban taɓa kusa da shi kamar ranar ba.

Yaya ya daɗe yana juya makullin a hannu. Ya ce, "Ni ne nake hawa tsamiyar in girgizo muku." Sannan ya turo mini makullin a kan tabarma. "Ɗauki abinka. Da ka faɗi haka tun farko, da Gwaggo ba ta yi asarar manta ba."

Sannu-Sannu tana nan a ƙofar gida. Na sayi babur ina zuwa makaranta da shi, ita kuma ranar Juma'a nake tayar da ita in kai Inna unguwa, muna miƙa wa juna hannun gilashi. Daga baya mun yi gwajin na gaskiya ni da Yaya, ba shaidu, ba jarka, kuma ba sai na faɗa muku wadda ta ci ba. Sabbin motocin nan da gaske suke, allon bai yi ƙarya ba. Gwaggo ta yafe mini bayan na yi Asabar biyu a gidanta ina ɓarar gyaɗa har yatsuna suka yi kanta. Labari kuma ya riga ni isa Kiru. Ranar jarrabawar da ta biyo baya na kama wani ɗalibi da takarda a hula, na ɗaga ta sama, sai na ji daga bayan aji an ce a hankali, "Mura yake yi, Malam." Na mayar da takardar aljihu na ce kowa ya ci gaba da aikinsa.

Abin da na koya bai da yawa. In kana son abu, ka ce kana son sa, kada ka tsaya ƙirƙiro masa lissafi, don lissafin zai iya faɗuwa a gaban surukai. In kuma ka nace sai ka gaji ubanka a maguɗi, to ka gaje shi gaba ɗaya, ka shinshina jarkar kafin ka zuba.